Maɗaci Mai Riƙe Ƙasa

Ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan wani itace da kowa ya sani, amma kaɗan ne ke shukawa, watau maɗaci.

Tun da Lafia ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996, gari ya yi ta faɗi, an sare itatuwa domin gini da gawayi. To, ƙasarmu mai yashi ce, ruwan sama kuwa daga Afrilu har Oktoba. In ya sauka a kan ƙasa tsirara sai ya kwashe ta. Bana 'yar hanyar ruwa ce, baɗi ta zama kwazazzabo mai cin gida.

Ganyen maɗaci yana tare ƙarfin ruwa kafin ya bugi ƙasa, saiwarsa kuma tana shiga can ciki ta ɗaure ta. Da rani ba ya zama tsirara kamar kuka. Wasu za su ce darbejiya ta fi saurin girma. Gaskiya ne, amma ita baƙuwa ce daga Indiya, a 1928 aka kawo ta Barno. Ni dai na fi son ɗan gida.

Ga yadda ake yi. Da rani ƙwallonsa yana tsagewa gida huɗu, iri ya zubo. A tsince shi a shuka nan da nan, gama in ya daɗe a ajiye ba ya tsirowa. A sa shi a leda mai ƙasa da taki, a inuwa, ana ba shi ruwa safe da yamma. Cikin mako biyu ko uku zai fito. Sai ruwa ya zauna sa'an nan a dasa, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a kuma nome ciyawar gindinsa kafin lokacin gobarar daji.

Kada a dasa a bakin kwazazzabo daidai, ruwa zai tafi da shi. A ja baya taki goma, a shuka gamba ko jema a tsakani, su riƙe ƙasa kafin ya yi ƙarfi.

Akwai wata tsutsa mai huda kan dashe ta sa ya yi rassa da wuri. Masu neman katako suna kuka da ita, mu masu neman inuwa ba ta dame mu ƙwarai ba. Babban abokin gābansa mutum ne, mai ɓare ɓawo domin maganin zazzaɓi da ciwon ciki. In aka ɓare shi kewaye da gindi, itacen ya mutu ke nan. Tilas mu gaya wa yaranmu wannan ranar da muka ba kowane aji nasa dashe.