3.4 Samar da Sifa Daga Kalmomin Ilmi

A sashen da ya gabata an ga cewa yawancin kalmomin da suka shafi ilmi a Hausa sunaye ne da aka aro daga Larabci, kamar ilmi, malami, ɗalibi da darasi. A nan kuma za a duba yadda ake samar da sifa daga irin waɗannan kalmomi, tare da kwatanta shi da abin da ke faruwa a Turanci.

A Turanci saiwa ɗaya takan ba da azuzuwan kalmomi da dama ta hanyar ɗafa-ƙeya. Daga aikatau educate ake samun suna education, sannan a sami sifofi uku, wato educated, educational da educative. Duk wanda ya zaga unguwar Nassarawa GRA a Kano zai ci karo da irin waɗannan kalmomi a allunan makarantun kuɗi. Matsalar takan taso ne idan aka zo mayar da su Hausa, domin Hausa ba ta da ɗafa-ƙeya ɗaya da ke mayar da kowane suna sifa. Hanyoyi uku take bi.

3.4.1 Sifa 'Yar Aikatau

Da farko sai a mayar da suna aikatau. Daga ilmi ana samun ilmantar, wanda yake cikin aji na biyar a rabe-raben aikatau da Parsons ya yi a 1960, tare da koyar, karantar da horar. Daga saiwar aikatau ne ake ninka baƙin ƙarshe a sami sifa. Misali:

(a) ilmantacce, ilmantacciya, ilmantattu
(b) horarre, horarriya, horarru
(c) ƙwararre, ƙwararriya, ƙwararru

Abin lura a nan shi ne, wannan sifa tana dacewa da sunan da take sifantawa ta fuskar jinsi da adadi, saɓanin Turanci inda sifa ba ta sauyawa. Haka kuma a misali na (a) baƙin /t/ ya koma /c/ a gaban wasulan /e/ da /i/ saboda ganɗantawa, amma ya tsaya a jam'i saboda wasalin /u/ ne ya biyo shi. Ma'anar wannan sifa ita ce aikin ya riga ya auku a kan sunan.

3.4.2 Amfani da Mai da Maras

Hanya ta biyu ita ce a kawo mai ko masu kafin suna, a kore da maras ko marasa, kamar yaro mai ilmi, mata masu ilmi, mutum maras ilmi. Idan kuwa suna ɗan aikatau ne ya biyo bayan mai, to ma'ana ta juya, sunan da ake sifantawa ya zama shi ne mai yin aikin, kamar a shiri mai ilmantarwa.

3.4.3 Amfani da Nasaba

Hanya ta uku ita ce a danganta suna da suna ta hanyar -n ko -r, ko kuma na ko ta, kamar cibiyar ilmi, kayan karatu, tsari na ilmi. A nan kalmar ilmi ba ta bar ajinta na suna ba, sai dai ta yi aikin da sifa take yi a Turanci.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kowace sifa daga cikin ukun nan ta Turanci tana da hanyarta a Hausa. Ta farko tana dacewa da ilmantacce ko mai ilmi, ta biyu da nasaba, ta uku kuma da mai ilmantarwa. Mai fassarar da ya cuɗa su zai ɓata ma'ana. Idan ya kira makaranta ilmantacciyar cibiya, ya nuna ginin ne aka koyar, alhali abin da ake nufi shi ne cibiyar ilmi. Saboda haka wajibi ne mai fassara ya fara tantance dangantakar sifa da sunanta, ya gane ko aikin a kansa ya auku, ko shi ke yin sa, ko kuwa danganta shi kawai aka yi, kafin ya zaɓi siga.