Lissafin Hutu a Nassarawa

Duk ma'aikacin da ke zaune a Nassarawa GRA a Kano, in yana son shekararsa ta tafi bisa nizami, wajibi ne ya riƙe kalanda biyu: ta Miladiyya da ta Hijira. Ranakun hutun tarayya, kamar 1 ga Oktoba da 12 ga Yuni, ba sa gusawa. Amma Sallah, da yake shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, sai Sarkin Musulmi ya tabbatar da ganin wata. Kano kan ƙara hutun 1 ga Muharram da Takutaha. A ganina, mai hikima ya keɓe ranar Hawan Nassarawa, domin idan dawakin Sarkin Kano suka doshi Gidan Gwamnati, mota ba ta samun hanya.