Yaushe Ya Kamata A Kunna Sumo?

Duk ɗalibin da ya taɓa kwana a hostal ya san wannan yanayin: ƙarfe shida na safe, bokitai sun yi layi a gindin famfo, tanki babu ko ɗigo, ga lakca ƙarfe takwas. Daga nan sai a tayar da janareta domin a turo ruwa. Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, sau da yawa an samu wuta cikin dare, kuma sumo yana nan a kashe har gari ya waye, saboda mai kunna shi yana barci. Ruwan da za a tura da wutar gari, sai ga shi an tura da dizal.

Da muka fara bin diddigin lamarin, sai muka tarar ashe wannan fanni ne da injiniyoyi suka daɗe suna nazari a kai, wato tsara lokacin tura ruwa domin rage kuɗin lantarki. Tushen dabarar kuwa mai sauƙi ne. Wuta tana da wuyar ajiyewa, ruwa kuwa ana iya tara shi a tanki ya jira masu buƙata. Don haka sai a tura shi lokacin da wuta ke da araha, a sha lokacin da take da tsada.

A wasu ƙasashe farashin wuta yana bin agogo. Tun 1978 Birtaniya ta fito da tsarin Economy 7, inda awa bakwai na dare suka fi sauran lokaci sauƙi. A Afirka ta Kudu, kamfanin Eskom yana cajin manyan masu amfani da wuta a matakai uku: safiya da yamma na ranakun aiki su ne mafi tsada, tsakar dare mafi araha, kuma tsadar takan ƙaru daga Yuni zuwa Agusta, lokacin sanyinsu. A yankin Wales ma akwai tashar Dinorwig da aka buɗe a 1984, wadda ke tura ruwa zuwa wani tafki a kan dutse idan wuta ta yi yawa, sannan ta sako shi ya juya injin samar da lantarki idan buƙata ta tashi.

A gidajenmu na Najeriya mita ba ta bambance dare da rana. Abin da hukumar NERC ta yi shi ne raba mutane rukuni-rukuni, daga Band A masu alƙawarin awa 20 a rana zuwa Band E masu awa 4. A Afrilun 2024 ta ɗaga farashin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya koma 209.50. Duk da haka farashinmu ma yana canzawa cikin yini, sai dai ta wata hanya: akwai lokacin NEPA, akwai lokacin janareta, akwai na sola ga mai ita.

Mu ɗauki misali. Sumo mai cin kilowat 1.5, idan ya yi awa huɗu, ya ci yunit shida. A farashin 209.50, naira 1,257 ke nan a rana, 37,710 a wata. Janareta kuwa yakan sha kusan kashi ɗaya cikin uku na litar dizal kafin ya ba da yunit guda. In lita ta haura naira dubu, yunit ya wuce ɗari uku, ba a ma yi maganar baƙin mai da kuɗin bakanike ba. Ga waɗanda ke ƙananan rukunai, tazarar ta fi haka nisa.

Amma ba a ce a kunna da dare a tafi a kwanta ba. Tanki yana da iyaka, kuma mun sha ganin ruwa yana ambaliya daga sama har safe, an biya kuɗin wuta an zubar a ƙasa. Maganin wannan wata 'yar na'ura ce mai iyo a cikin tanki, da ke kashe sumo idan ya cika. Ita ma rijiyar burtsatsen tana buƙatar hutu ta sake tara ruwa, musamman a watannin Maris da Afrilu. Sumon da ya yi ta juyawa babu ruwa ƙonewa yake yi. Yawan kunnawa da kashewa yana gajiyar da shi, haka ma raunanniyar wutar da akan samu da magariba, lokacin da kowa ya jona kayansa.

A ganinmu, aikin farko bai buƙatar ko sisi. Shugabannin ɗalibai su ajiye littafi na mako biyu: ƙarfe nawa aka kawo wuta, ƙarfe nawa aka ɗauke, awa nawa tanki ke ɗauka kafin ya cika, yaushe yake ƙarewa. Wannan littafin zai nuna ko matsalar ta lokacin kunnawa ce ko ta ƙanƙantar tanki. Idan ta tanki ce, ƙara guda zai iya mayar da kuɗinsa daga rarar dizal. 'Yan ajin ƙarshe na injiniyanci da ke neman batun furojet, ga shi nan a bayan hostal ɗinku.