Shimfiɗar Soson Saman Katifa: A San Halinta Kafin A Kai Ta Ɗaki

Wata gwaggona ta daɗe tana kukan ciwon kwankwaso. Ɗanta da ke aiki a Abuja ya aiko mata da wani ƙunshi naɗaɗɗe a cikin leda, kamar darduma mai kauri. Da aka yanka ledar sai abin ya fara warwarewa yana kumbura, kafin la'asar ya cika gado. Ta danna shi da tafin hannu ta ɗaga, sai ga sawun yatsunta biyar kwance a jikinsa, suna shafewa sannu a hankali. Ta ce, "Ikon Allah! Wannan soson har riƙo gare shi." Wata biyu tana barci mai daɗi.

Ranar da jikanta ya yi fitsarin kwance a kai, sai ta yi abin da ta saba. Ta sa aka fito da shi tsakar gida, aka kwara masa bokiti uku na ruwa da garin sabulu, yara biyu suka kama suka murɗe, aka rataye shi a katanga. Kwana huɗu bai bushe ba. Inda aka murɗe ya tsattsage, inda ya hau katanga ya dare, cikinsa kuma sai warin fumfuna. Da na je gaishe ta na tarar da shi yashe a zaure. Ta ce mini, "Ɗan nan, ashe kayan banza ne." Na ce, "Gwaggo, kayan kirki ne, renon katifar rimi aka yi masa."

Abin da ya faru a gidan nan yana faruwa a gidaje da yawa, domin wannan shimfiɗa ta fara shiga kayan ɗakin amare, da ɗakunan tsofaffi, da na masu jinya. 'Yan kasuwa na kiran sosonta memori fom, ita kuma shimfiɗar su ce tofa. Siririyar katifa ce mai kaurin inci 2 zuwa 4 da ake ɗorawa a kan katifar da ake da ita.

Daga kujerar jirgi zuwa gado

Ba don barci aka fara yin wannan soso ba. A shekarar 1966 ne aka ƙirƙire shi a ƙarƙashin wani aiki na cibiyar Ames ta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, domin kujerun jiragen sama su riƙa shanye jijjiga da ƙarfin buguwa. Injiniya Charles Yost na cikin waɗanda suka yi wannan aiki. A shekarun 1980 aka sakar wa kamfanoni fasahar, asibitoci suka fara shimfiɗa shi ga marasa lafiyar da suka daɗe a kwance, don rage musu gyambon kwanciya. A 1991 wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Fagerdala ya fito da katifar Tempur, daga nan soson ya bazu duniya.

Danginsu ɗaya da soson katifar da muka sani, duk daga sinadaran ɗanyen man fetur ake haɗa su. Bambancin shi ne wannan yana jin ɗumin jiki. Inda kafaɗa ko ƙugu ya danna, sai ya yi laushi ya lotsa daidai siffar wurin, nauyin mutum ya bazu maimakon ya taru a kan ƙashi ɗaya. In an tashi sai ya komo a hankali. Wannan hali shi ne daɗinsa, kuma daga gare shi matsalolinsa suke fitowa: yana riƙe zafi, yana shan ruwa ya ƙi sakinsa, ba ya kuma jure ja da murɗa.

Abin da shimfiɗar take iyawa da wanda ba ta iyawa

Idan katifarka lafiyayya ce amma ta yi tauri, kana tashi da tsamin kafaɗa ko ƙugu, shimfiɗar za ta yi maka rana. Amma idan katifar ta riga ta yi rami a tsakiya, ko katakon gadon ya karye, to ajiye kuɗinka. Soson bin siffar abin da ke ƙarƙashinsa yake yi, ramin da ke ƙasa zai fito a sama cikin 'yan kwanaki, ka zama ka sayar da kare ka sayi biri. Kafin ka tafi kasuwa, yaye zanin gado ka gicciya miƙaƙƙiyar sanda a kan katifar. In ka ga sarari tsakanin sandar da katifar har hannu na shiga, katifa kake bukata sabuwa.

Haka kuma kada kalmar "na masu ciwon baya ne" ta ruɗe ka. Shimfiɗa na iya rage tsamin jiki, amma ciwon bayan da ya daɗe, ko mai saukowa ƙafa, ko mai sa ƙafa ta yi sanyi kamar ba taka ba, na likita ne.

Yadda za a zaɓa

Abu na farko kauri. Inci 2 ya ishi mai son ɗan ƙarin laushi, da mai kwanciya rigingine ko rub da ciki. Inci 3 ya fi dacewa da mai kwanciya ta gefe. Inci 4 sai mai jiki sosai ko wanda katifarsa ta yi tauri ainun. Mai kwanciya rub da ciki ya guji mai kauri, don ƙugunsa zai nutse bayansa ya lanƙwashe. Tsoho ko majinyacin da juyi ke yi masa wuya shi ma ya guje ta, domin fita daga cikin lotsawar sai da ƙarfi.

Na biyu cika, wato yawan soson da ke ƙunshe a cikin shimfiɗar. Masu ƙerawa na auna shi da kilo a kowace mita mai fuska shida, kamar akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne. Mai kilo 48 matsakaici ne, mai 64 ya fi shi ƙarko, mai 80 shi ne mai nauyi sosai. Kayan Amurka da fam ake rubuta musu, 3 da 4 da 5, lissafin kusan ɗaya ne. Ga hanya mai sauƙi: shimfiɗar gado shida da shida mai kaurin inci 3, in mai kilo 48 ce za ta kai wajen kilo 12, in mai 64 ce wajen kilo 16. In ka ɗauke ta da hannu ɗaya kamar matashi, soso ne na gama-gari aka yi wa ado.

Sai dai nauyi kaɗai ba ya shaida, don akwai masu cakuɗa garin alli a cikin soso ya yi nauyi. Shi ya sa sai ka haɗa da gwajin gwaggona. Ka roƙi mai shago ya zuge zif ɗin rigar shimfiɗar, ka danna tsiraicin soson da tafin hannu, ka ƙirga biyar, ka ɗaga. Na gaskiya zai riƙe sawun hannunka na 'yan daƙiƙu kafin ya shafe. Wanda ya yi tsalle ya dawo nan take ba shi ba ne. Wanda ya lotsa ya ƙi dawowa kuma ya riga ya mutu. Ka leƙa gefensa, domin wasu siririn yanki na ainihi suke mannawa a sama, sauran duk soso ne mai araha. Duk mai shagon da ya ce maka, "Alhaji, ba a buɗewa, ai ka ga kwalin," to ka yi masa sallama. Arha ba ta ado.

Na uku awo. Katifunmu da ƙafa ake auna su, shida da shida, shida da huɗu da rabi, shida da bakwai. Kayan waje kuwa da awon ƙasarsu suke zuwa, kuma sau da yawa ba sa hawa daidai. Auna katifarka da tef kafin ka fita. Shimfiɗar da ta zarce gefen katifa daga nan take fara yagewa.

Na huɗu zafi, kuma shi ne babban abin dubawa gare mu. Soson yana rungume jiki ya hana iska ratsawa. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga wuta ba tabbas, mai barci ba fanka zai jiƙe da gumi. A nemi mai ƙananan huji a jiki, ko mai ƙulle-ƙulle kamar faifan ƙwai, da riga ta auduga. Wanda aka cakuɗa da shuɗin sinadarin sanyi yana da daɗin taɓawa da farkon dare, amma in ya ɗauki ɗumin jiki sanyin raguwa yake yi. Ba laifi ba ne a naɗe shimfiɗar a ajiye da bazara. Da hunturu kuwa za ka ji ta yi tauri da farko, kada ka ɗauka lalacewa ce, ɗumin jikinka zai sassauta ta.

A duba takardar jiki. Kayan da aka yi a Nijeriya a nemi tambarin MANCAP na hukumar kula da ingancin kaya, SON. Na waje sukan zo da shaidar CertiPUR ko OEKO-TEX, masu nuna an gwada sinadaran da ke ciki. A karɓi rasit, a tambayi garanti.

Daren farko da renon yau da kullum

Sabuwar shimfiɗa na fitowa da wari kamar na fenti. A buɗe ta a ɗaki mai iska, a bar tagogi a buɗe, a ba ta kwana ɗaya zuwa uku ta gama kumbura warin ya fita. Mai asma da mai juna biyu da ƙananan yara su ƙaurace wa ɗakin a wannan lokaci. Kada kuma a bar ta matse a kwalinta wata da watanni ana jiran ranar jere, daɗewa a matse na iya hana ta komawa daidai.

Tun daren farko a sa mata rigar da ruwa ba ya ratsawa, sannan zanin gado. Wannan riga ita ce rabin renon. Ita ake cirewa a wanke, soson kuwa ba a tsoma shi a ruwa, ba a sa shi a injin wanki, ba a murɗe shi. In abu ya zube, a danna busasshen tawul a kai ya tsotse, kada a goga. Sannan a jiƙa tsumma da ruwan sabulu kaɗan a riƙa dangwalawa. In fitsari ne, a haɗa ruwan khal da ruwa daidai wa daida a dangwala, a barbaɗa bekin soda, a bar shi ya yi sa'o'i ya janye danshi da zarni, sannan a share shi tas. Bilic da sauran magunguna masu kaifi cin soson suke yi.

Mun gaji shanya katifa a rana da bugunta da sanda, kuma hakan daidai ne ga katifar rimi da ta auduga. Wannan soson kuwa rana mai ƙuna na ƙona shi, ya yi ja, ya fara marmashewa. A shanya shi a inuwa mai iska, a kwance a kan tabarma, ko a kunna masa fanka. Kada a mayar da shi gado sai an danna an tabbatar cikinsa ya bushe, musamman da damina. Duk wata uku zuwa shida a juya shi, wajen kai ya koma ƙafa. In za a ajiye, a naɗe shi sako-sako, kada a ninke, kada a ɗora masa akwati.

Haɗura uku

Na farko jarirai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka na gargaɗin cewa jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya a kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai tauri kuma miƙaƙƙiya. Soson da ke lotsawa daidai siffar fuska na iya toshe hanci da bakin jaririn da bai iya ɗaga kai ba, ramin da nauyin uwa ya yi kuma yana gangaro da shi jikinta. Maijego ta cire shimfiɗar, ko a yi wa jariri nasa makwancin a gefen gado.

Na biyu wuta. Wannan soso man fetur ne a wata siffa. In ya kama, ci yake yi da sauri, hayaƙinsa baƙi ne mai guba da ke sumar da mutum kafin harshen wutar ya iso shi. Kaskon turaren wuta da ake turawa ƙarƙashin zanin gado, garwashin jin ɗumi da hunturu, kyandir, maganin sauro na kunnawa, sigari, dutsen guga, duk a nisanta su da shi. Kada a bar waya tana caji a ƙarƙashin matashi.

Na uku maganin ƙwari. Wasu in kuɗin cizo ya dame su sai su feshe katifa da fiya-fiya ko kalanzir. Soson zai shanye gubar ya riƙe, mutum ya kwana yana shaƙa, kalanzir kuma ya ƙara kiran gobara. Kuɗin cizo a ɗinkin riga da tsagar katakon gado ya fi ɓuya. A wanke rigar da ruwan zafi sosai, a gyara katakon, soson kuma a rufe shi da riga mai zif da ba ta da kafa.

Shimfiɗa mai kyau takan yi shekara uku zuwa biyar in an kula da ita. Idan ramin jikinka ya daina shafewa, ko ta fara zubar da gari, ko warin fumfuna ya ƙi fita, ta gama aikinta. Kada a ƙona ta a tsakar gida ko a bola, saboda hayaƙin nan dai.

Ɗan gwaggona ya sake aiko mata da wata, wannan karon tare da rigar hana ruwa. Jikan nata ya sake maimaita aikinsa a makon farko. Ta zare rigar ta wanke ta shanya a igiya, soson kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba. Da na koma gaishe ta, ta nuna mini kaskon turarenta da ta mayar can bakin ƙofa, ta ce, "Yanzu na san halinsa, mun zauna lafiya."