Idan karen da ke ji wa kurma ya mutu

Garin Ɗan Issa, cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, yana bisa hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Jibiya da Katsina. Manyan motocin kaya suna ratsa shi zuwa iyaka. Mai kunne yana jin ƙahon mota ya kauce. Dattijon da ya kurmance kuwa ba ya jin ƙaho, ba ya jin sallama a ƙofar gida, ba ya jin kukan awaki in ɓarawo ya shiga garke da dare.

Kurumta ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Sanƙarau, wanda ya yi ɓarna ƙwarai a Nijar da arewacin Nijeriya a 1995 da 1996, yakan bar waɗansu da suka warke ba su ji. Ciwon kunne da aka ƙyale har ya yi mugunya, da tsufa, su ma suna kashe ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa mutane miliyan 430 ne ke da raunin ji mai buƙatar kulawa.

Inda kurma ya saba da karen gida, karen yakan zama kunnensa. In ya ɗaga kai ya dubi zaure, maigida ya san an yi baƙo. In ya zabura da dare, ya san akwai motsi a waje. Amma ran kare gajere ne: shekara goma zuwa goma sha uku in an kula da shi, balle ga mota da cuta. Ranar da ya mutu, tsoho ya sake kurmancewa. Barci ya ƙaurace masa, ya daina fita shi kaɗai, ɗa ko jika ya bar gona ko lakwal don ya zauna da shi.

A ƙasashen Turawa an mai da wannan taimako aiki mai tsari. A Amurka, Roy Kabat ya kafa ƙungiyar Dogs for the Deaf a jihar Oregon a 1977. A Ingila an buɗe Hearing Dogs for Deaf People a 1982. Ana koya wa kare ya taɓa mai shi da ƙafa ko da hanci in ya ji ƙara, sannan ya ja shi zuwa inda ƙarar take. In ƙararrawar gobara ce, sai ya taɓa shi ya kwanta ƙasa, alamar haɗari ke nan. Horon yana cin watanni da yawa, shi ya sa ƙungiyoyin ke tanadin magaji tun karen farko bai gaza ba.

Waɗannan ƙungiyoyi mutanen ƙasashensu suke yi wa aiki, amma dabararsu iyali na iya kwaikwayonta a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nemi ɗan kwikwiyo mai wata biyu ko uku, mai natsuwa, wanda ba ya tsoron mutane. Kurman da kansa zai riƙa ba shi abinci don su shaƙu. A soma da ƙara guda, kamar bugun ƙofa: yaro ya buga, a jawo kwikwiyon ya taɓa ƙafar tsohon, nan take a ba shi ɗan tuwo ko ƙashi. A maimaita kullum na ɗan lokaci, ba duka, ba tsawa. Sai ya riƙe wannan a ƙara wata, kamar kiran sunan tsohon. In tsohon kare yana da rai, ƙaramin zai ɗauki hali a wurinsa.

Wajibi ne a kai shi ma'aikatar kiwo a yi masa allurar haukan kare da ya cika wata uku, a kuma sabunta ta yadda likitan dabbobi ya ce. Cutar tana kashe mutane wajen 59.000 kowace shekara a duniya, kusan duka ta cizon kare. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya garzaya likita.

Ta fuskar addini, malamai sun halatta riƙe kare don tsaron gona da dabbobi da farauta. Iyalin da ke da shakka game da lalurar kurma su tuntuɓi malamin unguwa, su kuma ware wa karen wurin kwana da kwanon cinsa.

Kafin kwikwiyo ya ƙware, nauyi yana kan ƴaƴa. A sa mai kwana kusa da tsoho, a ba shi fitila, a sanar da maƙwabta, a raka shi in zai tsallaka hanya. A kuma koyi maganar hannu, wadda kurame a ƙasar Hausa suka daɗe suna yi, domin kare yana sanar da zuwan baƙo, amma hira da mahaifi sai ɗansa.