Sarki Mai I'ina da Finafinan Sarautarmu

A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya gana da Sarki George na Biyar a Ingila. Ɗan wannan sarkin, George na Shida, shi ne fim ɗin The King's Speech na 2010 ya nuna yana fama da i'ina, har Lionel Logue, wani talaka ɗan Ostareliya, ya horar da harshensa, ya iya yi wa jama'arsa jawabin shiga yaƙi a 1939. Fim ɗin bai ɓoye raunin sarki ba, kuma martabarsa ba ta zube ba.

A yawancin finafinanmu kuwa, sarki alkyabba ne da algaita kawai, mai i'ina kuma abin dariya. Ɗalibin Katsina da harshensa ya hana shi ɗaga hannu a aji, shi ma yana cikin masu kallo.