Kafin Ka Sayi Sabuwar Jita: Abin da Ke Gyara Sauti da Abin da Ke Cin Kuɗi Kawai

Matasa da dama a Katsina da suka fara koyon jitar lantarki ta YouTube suna kuka da abu ɗaya: sautin da suke fitarwa bai kama ƙafar wanda suke ji a waya ba. Daga nan sai mutum ya fara tara kuɗi don ya yi odar sabuwar jita daga kasuwar Alaba ta Legas, alhali sau da yawa matsalar ba a jikin jitar take ba.

Darasi daga maƙwabta

Mdou Moctar, ɗan Nijar daga yankin Tahoua, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, kuma ta Bluetooth da memori waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya. A haka Ba'amurke Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji shi, ya saka waƙarsa a tarin Music from Saharan Cellphones a 2011. Yau yana kaɗa Fender Stratocaster a manyan dandalin Amurka da Turai. Kunnen mutane ya kama salonsa tun yana da kayan talaka, kayan tsada daga baya suka biyo.

Yadda sautin ke tafiya

Jitar lantarki ba ta da ƙara a karan kanta. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza, sai ya mayar da girgizar ƙaramar wuta, ta bi kebul ta shiga amfilifaya, ta fito a lasifika. Duk inda aka samu rauni a wannan layi, kunne zai ji.

Mu masu rubuta manhaja muna da ƙa'ida: idan shiri ya ƙi aiki, abu ɗaya ake canzawa a gwada, sannan a matsa gaba. Ka yi wa jitarka haka. Ka ɗauki sauti da wayarka kafin canji da bayan canji, a ɗaki ɗaya, da kiɗa ɗaya, sannan ka saurara.

Fara da mafi araha

Na farko tsirkiya. Gumi da ƙurar hunturu suna kashe ta, sautin ya dushe. Sabon saiti da goge ta da ƙyalle bayan kowane kiɗa suna yin abin da fedal ba zai yi ba. Na biyu kebul: idan ka motsa shi ka ji ƙaras-ƙaras, bakinsa ya saki, mai gyaran rediyo zai like maka shi da dalma. Kebul mai tsayi fiye da kima kuma yana rage kaifin sauti.

Wannan gurnanin fa?

Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fikof mai naɗi ɗaya irin na Stratocaster kuwa yana kwasar wannan kamar eriya. Janareta, cajar waya mai arha da gidan da babu wayar ƙasa duk suna ƙara shi. A yawancin Stratocaster na zamani, idan ka kai makunnin matsayi na 2 ko na 4, fikof biyu ke aiki tare su kashe gurnanin. Ana kuma liƙa tef ɗin tagulla a ramin da wayoyin suke. Fikof mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙirƙira wa kamfanin Gibson a shekarun 1950, don wannan matsalar aka yi shi, sai dai sautinsa ya fi kauri. Mai son tsinin sautin Agadas irin na Bombino ya yi tunani kafin ya canza.

Gargaɗi: idan ka taɓa tsirkiya ka ji wuta ta ɗan ja ka, kashe amfilifayar nan take ka nemi mai gyara. Wannan maganar rai ce.

Wayarka amfilifaya ce

Manhajoji irin su BandLab da Tonebridge, da GarageBand ga masu iPhone, suna kwaikwayon amfilifayoyi da fedaloli masu tsada. Amma kada ka cusa jita kai tsaye a ramin iyafis, domin an yi shi ne don makirfo, sautin zai fito a shaƙe. Kana buƙatar ƙaramar na'urar haɗi irin iRig ko Focusrite Scarlett Solo. Masu Android su fara duba ko wayarsu na karɓar OTG. Akwai kuma jinkiri tsakanin bugun tsirkiya da fitowar sauti. A wasu ƙananan wayoyi yana da yawa har ya ɓata kiɗa. Ka ari na'urar aboki ka gwada a wayarka kafin ka biya. Wata fa'idar ita ce, waya a kan batiri ba ta haɗe da wutar gida, don haka gurnanin yakan ragu. Cire caja ka ji bambanci.

To yaushe za a sayi sabuwa?

Idan wuyan jitar ya karkace har gyara ya gagara, ko ba ta riƙe saiti duk da sabuwar tsirkiya, to lokaci ya yi. In ba haka ba, ga jerin da zai tsare maka aljihu: tsirkiya, kebul, na'urar haɗi da iyafis mai kyau, sannan amfilifaya mai batiri don wajen biki. Fikof da sabuwar jita su zo ƙarshe. Kuɗin da ya rage ka sa a data, ka riƙa sauraron gwanaye kana bin hannunsu a hankali, minti 30 kullum.